Maganaɗisun Ilu

Shekara huɗu ina zubin adashi,
ina lissafi a bayan takardun jarrabawar ɗalibai.
Daren da na kwasa, ban runtsa ba.
Gari na wayewa na ɗauko Ilu mai gyaran bodi daga Ƙofar Ruwa,
muka nufi Titin Zariya.

Ita ce ta uku daga bakin ƙofa.
Ruwan toka. Ina ganinta na ga kaina a ciki,
gwiwar hannu a taga, Gadar Lado a ƙarƙashina.

Sabitu dillali ya shafa ta kamar 'yarsa:
"Wata Hajiya ce ke hawa,
daga gida sai asibiti, sai gidan suna.
Ko Wudil ba ta taɓa zuwa ba."

Ilu bai tanka ba.
Guduma ta cinye masa kunne ɗaya,
da tafin hannu yake sauraro.
Ya ɗora shi kan bonet, ya dube ni:
"Da ɗumi. Wa ya tashe ta kafin mu iso?
Motar da ba ta son a ji tarinta na safe
akwai abin da take ɓoyo."

Ya zaro maganaɗisu, na cikin tsohuwar rediyo,
ya bi jikinta a hankali.
Ƙofar gaba, ya kama.
Ta baya, ya kama.
A kafaɗar hagu ya sulale ya faɗi.
"Nan ba ƙarfe, Malam. Fila aka cusa aka rufe da fenti."

"Keke ne ya ɗan goge ta," in ji Sabitu.

Murfin baƙin mai, da aka kwance,
cikinsa fari-fari kamar kunun gyaɗa.
"Ruwa da mai sun yi aure a injin,
kai ake jira ka biya sadaki."

Mita ta ce ba ta yi nisa ba.
Robar birki ta ƙaryata ta, ta suɗe har ƙarfe,
sitiyari ya yi sulɓi kamar tsohuwar taɓarya,
tayoyin gaba gefe guda suka ci.
Na murɗa makulli, fitilu suka kama, ban da ɗaya,
wadda aikinta shi ne kai ƙarar injin.
An cire mata ƙwai don ta yi shiru.
Salansa kuwa ba ta iya rufin asiri ba:
hayaƙi shuɗi.

Ciki ƙamshin turaren wuta, har ya yi yawa.
Ilu ya ɗaga kafet, ya kankaro da farce:
busasshiyar laka, ba ta takalmi ba.
Kusoshin kujera duk tsatsa.
"Wannan ta yi iyo."
Ƙarƙashin mazaunin direba, a ninke,
tikitin tasha, Unguwa Uku zuwa Jos.
"Ashe Hajiyar tana lodi."

Takardar kwastan? Tana gida, sai gobe.
Wani Alhaji kuma yana tafe da la'asar, kuɗi a hannu.

Ni fa har lokacin ina nema mata uzuri.
"Ilu, ba a gyarawa?"
"Ana gyarawa mana.
Da irinta na gina ɗaki biyu a Kurna."

Muka juya. Sabitu ya biyo mu
ya sauke dubu ɗari uku a numfashi ɗaya.
Wannan ne ya tsorata ni, fiye da laka, fiye da hayaƙi.

A adaidaita sahu na koma gida,
ina jin haushin Ilu, kuɗina na nan.

Kwana goma sha ɗaya, a shataletalen Ɗangi,
na gan ta. Ruwan toka. A tsaye.
Wani bawan Allah cikin farar shadda yana turi,
gumi ya jiƙa masa aiki, hon ta ko'ina.
Na sauka na kama masa.
Sai na ga hannuna a kafaɗar hagu,
inda maganaɗisu ya faɗi.

Na matsa baya kaɗan, na nemi ƙarfe,
na ce, "Bismillah, Alhaji, mu je."